Shataletale, Danja ko Gadar Sama: Wanne Ya Dace da Mahaɗa Mai Cunkoso a Gusau?

Duk lokacin da aka yi haɗari a wata babbar mahaɗa a cikin Gusau, kafin a gama share gilasan da suka tarwatse a kan kwalta mutane sun rabu gida uku. Wasu su ce a sa danja. Wasu su ce ai wurin shataletale yake so. Na uku, waɗanda suka fi ɗaga murya, su ce mu ma a yi mana gadar sama irin ta Kano da Kaduna, kowa ya huta. Tun da gwamnatin Dauda Lawal ta fara aikin sabunta titunan cikin gari a 2023, wannan gardama ta wuce ta teburin mai shayi, domin titi idan aka faɗaɗa shi aka malala masa sabuwar kwalta, gudu ne ke ƙaruwa, kuma duk gudun nan a mahaɗa yake zuwa ya tarar da na wani.

Abin da ke dagula zancen shi ne ana cakuɗa matsala biyu, cunkoso da haɗari, alhali kowace da maganinta. Mahaɗar da ta cushe da tsakar rana, kowa yana jan ciki yana danna oda, ba kasafai ake mutuwa a cikinta ba. A kan goge fenti, a fasa madubi, a yi cacar baki a rabu. Mutuwa ta fi zuwa sa'ad da hanya ta buɗe: bayan Asuba, bayan Isha'i, ko ranar da gari ya yi tsit. Don haka mai son a rage gosulo da mai son a rage gawa ba lallai ne zaɓinsu ya zo ɗaya ba. Ni a kan na biyun na fi tsayawa, kuma ma'aunina biyu ne. Na farko, wa abin yake karewa: na cikin mota, ko na kan babur da mai tafiya a ƙasa? Na biyu, wanda ba a cika ambata ba a wurin bikin aza harsashi: yaya abin zai kasance ranar da aka ɗauke wuta, jami'i ya tashi aiki, kuɗin gyara kuma ba su fito ba? Wannan rana tana nan tafe, ko wane gwamna ne a kan kujera.

A fara da duba masu bin wurin. Wanda ya tsaya minti goma a Lalan ko Bello Bara'u ko Tankin Ruwa zai ga motar gida ba ita ce ta mamaye titi ba. 'Yan kabu-kabu ne, da keke napep, da 'yan ga-ruwa masu tura kura, da masu baro, da yara 'yan Islamiyya, da almajirai, da mata masu goyo, da 'yan talla. A gefe guda kuma ga tirela da tanka da tifa, tunda garin yana kan babbar hanyar Zariya zuwa Sakkwato ta Funtuwa, hanyar siminti da mai da albasa da dabbobi. Wato mafi rauni da mafi nauyi a kan kwalta ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A Najeriya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙirga mutum 5,421 da suka mutu a 2024, waɗannan kuwa su ne kawai waɗanda labarinsu ya kai gare ta.

Abin da ke raba rauni da ajali a mahaɗa gudu ne. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, iyakar da doka ta amince a cikin gari, tana cinye kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafar direba ta bar totur ta kai ga birki ya wuce tsawon motoci uku. A kilomita 30, mita 8 ne da 'yan kai. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana ninkawa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65, kuma shi ya sa taron ministocin duniya na 2020 a Suwidin ya nemi a mayar da iyaka 30 a duk inda mutane da motoci ke cuɗanya. Duk zaɓin da bai taɓa gudu ba, rabin aiki ya yi.

A nan shataletale ya yi wa sauran fintinkau. Ba ya cin wuta, ba shi da batir ɗin da za a kwance, ba ya zuwa hutun ƙarshen mako. Ƙarfe biyu na dare yana aikinsa yadda yake yi ƙarfe biyu na rana, domin ba roƙon direba yake ya rage gudu ba, tilasta masa yake: in bai rage ba ya hau kankare. Injiniyoyi suna ƙirga wuraren da hanyar wata mota ke iya karo da ta wata. A mahaɗa mai hannu huɗu irin wadda muka saba, wuraren 32 ne, 16 daga ciki na gittawa ne, inda goshin wata motar ke dukan haƙarƙarin wata. A shataletale mai layi ɗaya 8 ne kacal, kuma babu na gittawa ko ɗaya, balle taho-mu-gama. Ko an yi karo, gogar juna ake yi ana tafiya hannu ɗaya a hankali. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 ya bi diddigin wurare sama da 20 da aka mayar shataletale, ya tarar haɗurra gaba ɗaya sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100, masu jikkata mutane da sama da kashi 75, masu kisa ko nakasawa da kusan kashi 90. Sai dai a tuna titunan can motoci ne suka cika su, ba babura ba, don haka ba za a kwaso alƙaluman a liƙa wa Gusau kai tsaye ba. Amma dalilin da ya kawo raguwar, wato ƙarancin gudu da rashin gittawa, ba ya canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa.

To me ya sa muke da shataletale a garuruwanmu kuma ana ta haɗari a kansu? Saboda da yawa don ado aka gina su. A zana ƙaton da'ira, a kafa hasumiya ko tambari a tsakiya, a bar titin da ya kewaye shi da faɗin da mota uku ko huɗu za su jera ba tare da ko zanen layi ba, bakin shiga kuma a miƙe sambal. Direban da zai zarce yana iya ratsa irin wannan da ɗan karkata sitiyari kaɗan, ƙafarsa ba ta kusanci birki ba. Wanda ke ceton rai ƙarami ne, matsattse. Littattafan aikin injiniya suna ba mai layi ɗaya faɗin mita 27 zuwa 55 daga baki zuwa baki, a lanƙwasa bakin shigarsa yadda ba za a iya shiga da gudun da ya wuce 30 zuwa 40 ba, kuma duk da ƙanƙantarsa yana iya ɗaukar motoci har kusan 25,000 a rana. Tirela fa? Ana yi wa tsibirin tsakiya wani zobe na kankare mai ɗan tudu, wanda tayoyin baya na dogayen motoci za su iya hawa, amma ƙaramar mota ba za ta ji daɗin takawa ba. Wannan zobe sai an auna shi da kyau, domin tanka mai cike da mai nauyinta a sama yake, kuma wanda ya tuna abin da ya faru a mararrabar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, inda tanka ta kife mutane sama da 80 suka ƙone, yawancinsu wajen ɗibar mai, ya san kifewar tanka a cikin jama'a ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma dokar da shataletale ya dogara a kanta: mai shiga ne ke jiran wanda ke ciki. Birtaniya ta kafa ta a 1966 bayan ta ga shataletalenta suna kullewa, kowa ya kutsa kai babu mai iya fita. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, wanda ke zuwa ta hagunka shi ke da hanya. Direbobi nawa ne suka sani, 'yan kabu-kabu nawa aka taɓa gaya wa? A aikace dokar da ke ci ita ce babba ya wuce, ƙarami ya kauce. Matsatsen baki yana rage wannan, tunda mota ɗaya ce ke iya shiga a lokaci guda, amma sai an haɗa da alamomi da wayar da kai a tasha da rediyo.

Raunin shataletale na gaskiya guda huɗu ne da nake ganin sun shafe mu. Mai son juyawa hagu sai ya zagaya kashi uku cikin huɗu na da'irar, ɗan kabu-kabu kuwa da ke lissafin kowane ɗigon fetur zai yanke ta wanwe in dai akwai kafa. Maganinsa dogon dakali mai tudu a tsakiyar kowane hannu, wanda babur ba zai iya haurawa ba. Idan aka ƙara layi ya zama biyu ko uku, amfanin yana raguwa sosai ga masu babur, don a nan ne mota mai fita ke yanke wanda ke zagayawa ta waje. Mutanen Holan sun magance wannan da ɗora ƙananan dakalai tsakanin layukan, kowa ya zaɓi layinsa tun kafin ya shiga. Makaho, wanda da kunne yake gane lokacin tsallakawa, yana shan wuya, domin motsin motoci ba ya yankewa. Sannan idan hannu ɗaya ya rinjayi sauran da yawan motoci nesa ba kusa ba, masu fitowa daga ƙaramin hannu sai su yi ta jira har haƙuri ya ƙare. Ga kuma fili: a tsakiyar tsohon gari, mita 40 na nufin rushe shaguna da biyan diyya.

Inda fili ya yi ƙaranci, nan danja take da magana. Ita lokaci take rabawa, ba ta neman a rushe katangar kowa, kuma ita kaɗai ce cikin ukun ke iya tsayar da kowace mota cak ta ce yanzu na masu ƙafa ne. A gaban kasuwa, ko makaranta, ko asibiti, wannan babban abu ne. Sai dai a yi lissafin da mutanenmu. Titi mai layi huɗu ya kai mita 14; mai lafiya da ke tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa yana buƙatar daƙiƙa 12, tsoho mai sanda ko mace mai goyo tana jan wani yaron sai an ba su 15 ko fiye. Masu juyawa hagu a ware musu nasu lokacin, kar a sake su tare da masu tahowa daga gaba. Tsakanin jan wannan hannu da koren wancan a bar daƙiƙa ɗaya ko biyu kowa yana kan ja, don wanda ya makara ya fice. Kuma tunda ko an hana su 'yan babur sai sun kutsa gaba, gara a yi abin da Indunusiya da Taiwan suka yi, a zana musu nasu wurin tsayawa a gaban motoci, su tashi da farko su ba da wuri.

Matsalar danja ita ce duk aikinta a kan biyayya ya rataya. Titin yana nan a miƙe yadda yake. Mai kore yana wucewa da cikakken gudu, mai ruwan ɗorawa ƙara wuta yake don kar ja ta kama shi, wanda ya keta ja kuwa da dukan ƙarfinsa yake afka wa haƙarƙarin wanda ya yarda da korensa. An daɗe da sanin danja tana rage karon gefe amma tana ƙara bugun baya, wato gyaranta yana da farashi ko a inda ake bin doka. A nan kuma ga ƙarin abubuwa biyu. A garin da ke fama da matsalar tsaro, da wuya ka ga laifin direban da ya ƙi tsayawa shi kaɗai a jar wuta ƙarfe ɗaya na dare. Kuma duk ayarin manya da ya keta ja da jiniya, darasi ya koyar da yara ɗari da ke kallo. Masu cewa a sa kyamara ta riƙa cin tara kamar a Legas su fara tambaya babura nawa ne ke da lamba, kuma takardar tarar a wane adireshi za a kai ta.

Sai wuta. Wanda ya ga yadda yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban 2024 ba zai jingina ran mutane da layin lantarki ba. Sola ce mafita, kuma fitilun zamani ba su da cin wuta, amma ƙurar hunturu tana rufe farantin, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana gajarta ran batir, ɓarayi kuma sun san kuɗinsa. Danja kamar janareta ce: sayen ba shi ne wahala ba, riƙon ne. Wadda ta mutu gaba ɗaya ma da sauƙi, kowa ya san ta mutu. Mafi muni ita ce wadda hannu ɗaya ya ƙone, ɗayan yana nuna kore, mai koren ya taho da zuciya ɗaya.

Jami'in ba da hannu, na 'yan sanda ne ko na ZAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Zamfara, yana da abin da inji ba shi da shi: yana ganin an taso daga Juma'a, ko ga gawa an ɗauko, ko saura minti goma a sha ruwa kowa ya rikice, sai ya sauya rabo nan take. Amma mutum ne, yana tsaye a rana, kuma ba ya nan a sa'o'in da aka fi mutuwa. Taimako ne ga danja ko shataletale, ba madadinsu ba.

Gadar sama ita ce kowa ke so, kuma ba a banza ba. Wanda ya san Kofar Nassarawa ko Dangi a Kano kafin a yi musu gada, ko Kawo a Kaduna kafin a sake ta a 2022, ya san an samu sauƙi. Idan manyan hanyoyi biyu suka gitta juna, kowace ɗauke da dubban motocin da ba tsayawa za su yi ba, ɗaga ɗaya a kan ɗaya yana kawar da karon gaba ɗaya ga masu zarcewa. A lura da kalmar: masu zarcewa. Mai juyawa dama ko hagu, da keke napep mai sauke fasinja, da ɗan kabu-kabu, da mai kura, da yaro ɗan makaranta, duk a ƙasa za su ci gaba da haɗuwa, kuma a ƙasan nan dole a sa shataletale ko danja. Ashe gada ba ta raba ka da zaɓin farko ba, ƙari ce a kansa, ƙarin da ake biya da biliyoyin naira.

Kuma gada tana da jiki. Don tirela ta wuce ta ƙarƙashi ana buƙatar sarari sama da mita 5, idan aka haɗa da kaurin gadar kanta an doshi mita 7. Hawan da babbar mota mai kaya za ta iya yi ba tare da ta ja da baya ba kusan mita 4 ne a cikin kowace 100, wato gangara mai tsawon mita 175 a kowane gefe. Wannan katanga ce ta ɗaruruwan mitoci a tsakiyar unguwa. Shagunan da ke fuskantarta ciniki ya ja baya, mai son tsallakawa ya zagaya, wanda ba zai zagaya ba kuma sai ya tsallaka daidai gindin gangara, inda mota ke saukowa da mafi girman gudunta. Haɗarin da aka kora daga tsakiyar mahaɗa sai ya koma can, ya ƙara muni. Ƙara da tsofaffin manyan motocinmu masu obalodi, waɗanda ke mutuwa a kan hawa ko birki ya tsinke a gangara, da mutanen da ke zama a saman kaya, da shekara ɗaya ko biyu na aiki da za a karkatar da motoci cikin lungunan da yara ke wasa. Cunkoson ma sau da yawa gaba yake matsawa zuwa mahaɗa ta gaba, tunda motocin sun isa can da wuri kuma a tare.

Gadar ƙasa, irin ta Gadon Kaya da Kabuga a Kano ko Kofar Kaura a Katsina, ba ta tare ido kamar ta sama, amma rami ce, ruwa kuwa rami yake nema. Ruwan Agusta guda ɗaya ya isa ya gwada ta. In babu gangaren da zai janye ruwan da kansa sai an dogara da injin zuƙa, injin yana son wuta ko gas, magudanar tana son a riƙa kwashe leda da yashi. A kan ma'aunina na biyu ita ce ta fi kowa rauni.

Sau da yawa abin da ke sa a ji ana son gada tirela ce, ba yawan motoci ba. In haka ne, tambayar ita ce me ya kawo motar da ba ta da kaya a Gusau cikin Gusau, ga baifas? Gyara baifas, samar wa direbobi wurin ajiye mota da abinci da masallaci a bakinsa, da ƙayyade sa'o'in da masu sauke kaya za su shiga gari, ya fi arha nesa, kuma yana sauƙaƙa wa kowace mahaɗa a lokaci guda, ba guda ɗaya ba.

Gadar masu tafiya a ƙasa ba zan daɗe a kanta ba. A Abuja da Legas sai da aka kafa shinge, wani wurin har da kame, kafin a hau. Tsohuwa ba za ta hau matakala mai tsayin bene biyu ba, mai baro ba zai iya ba, da dare kuma ana tsoronta. A kan babbar hanya mai gudu tana da amfani. A tsakiyar gari, sauƙaƙa wa direba take yi, ba mai ƙafa ba.

Akwai ƙananan ayyukan da ko wanne aka zaɓa sai an yi su, kuma a ganina su ne ke ɗauke da rabin amfanin duk da ba a yanka musu kirtani. Dakali a tsakiyar titi mai faɗin da mace da yaranta za su tsaya, don a tsallaka hannu ɗaya a numfasa kafin ɗayan; hukumar manyan hanyoyin Amurka ta ƙiyasta yana rage buge masu tafiya a ƙasa da fiye da rabi. Wurin tsallakawa a ɗaga shi ya zama tudu mai faɗi, ya yi aikin rage gudu, a yi masa fenti da alama, ba irin tudun da 'yan unguwa ke ginawa cikin fushi bayan an buge yaro ba, wanda da dare shi ma kayar da masu babur yake. Fitila mai haska wurin tsallakawa, ba tsakiyar da'ira kaɗai ba. Rufe lambatu don mutane su sami inda za su taka, su sauka daga kan kwalta. Matse kusurwoyi, domin kwana mai faɗi gayyatar gudu ce. Da kuma wurin lodi na keke napep da kabu-kabu 'yan mitoci gaba da mahaɗa, a zauna da shugabannin ƙungiyoyinsu a tsara shi. Korar su ba tare da an ba su wani wuri ba kwana uku take yi, domin inda fasinja yake nan abincinsu yake.

Kafin a zaɓa, a ƙirga. Ba aiki ne mai tsada ba: ɗaliban injiniya na kwalejin Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, wadda sunan injiniya ma take ɗauke da shi, ko na kwalejin tarayya ta Kauran Namoda, za su iya zama mako guda suna rubuta abin da ya shigo ta kowane hannu, ina ya nufa, mota ce ko babur ko ƙafa, da ƙarfe nawa, har da ranar Juma'a da ranar da makarantu ke aiki. Bayanan haɗari kuma kar a tsaya a kan na hukuma. Yawancin karon cikin gari a wurin ake sasantawa, a ce tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba, a kai mai karaya wurin mai ɗori. Sashen gaggawa na asibitin tarayya da na Yariman Bakura, da masu ɗori, da mai faci da mai shayin da ke bakin mahaɗar, sun fi kowane fayil sanin ta wane hannu ake buge mutane da kuma wane lokaci. Shataletale yana da wata fa'ida a nan da sauran ba su da ita: ana iya gwada shi. A jera durom-durom masu fenti ko tubalan kankare na 'yan makonni, a kawo tirela mafi tsawo ta zagaya, a ga inda babura ke yankewa, a matsa nan a faɗaɗa can, sannan a zuba siminti.

Da za a ba ni zaɓi, a mafi yawan wuraren da hannayen suka yi kusan kunnen doki kuma akwai fili, ƙaramin shataletale mai layi ɗaya zan ɗauka, da dakalai da tudun tsallakawa a kowane hannu. Inda kuma akwai tsohon ƙato, a matse shi maimakon a rushe. A cikin tsohon gari da bakin kasuwa, inda fili babu kuma masu ƙafa suka fi yawa, danja mai sola, ita ma da tudun tsallakawa, don ranar da ta mutu a sami abin da zai rage gudu. Gada sai inda ƙidaya ta nuna masu zarcewa sun fi ƙarfin shataletale mai layi biyu, wanda ke iya ɗaukar kusan motoci 45,000 a rana, kuma bayan an fitar da tirelolin da ba su da aiki a cikin gari an sake ƙirgawa.

Saura abu ɗaya da kan tsayar da aiki ko an gama zane: titin na wa ne? Hanyar Zariya zuwa Sakkwato ta gwamnatin tarayya ce, titunan cikin gari na jiha, kuma mahaɗar da suka haɗu tana iya zama marainiya, kowa yana jiran ɗayan. A rubuta tun farko wa zai sake fenti bayan damina, wa zai wanke farantin sola a hunturu, wa zai sauya batir. In danja ce, kwangilar ta haɗa da kula da ita na shekaru, a ajiye kayan gyara a Gusau ba a Legas ba, a horar da masu gyara 'yan gari, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai fitilar ta ga hunturu biyu tana ci.